Faifan da Inna Ta Koma da Shi

Da na haifi 'yata ta fari ban samu zuwa wankan gida ba, saboda haka Inna ce ta biyo ni New York. A watan Janairu ta sauka, cikin irin sanyin da ko mu da muka shekara bakwai a Stapleton, unguwarmu da ke kan wani tsibiri na birnin, ba mu gama sabawa da shi ba. Maigidana ya ɗauko ta daga filin jirgi, ta shigo sanye da rigar sanyinsa a kan zaninta, hannayen rigar sun haɗiye yatsunta. Ni dai "ke, sannu" na samu, don ni ce 'yar fari, kuma tun da na zo duniya Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Jaririyar ta karɓa, ita ce ta sha hira da kirari.

Washegari ta buɗe jakarta. Kuka ce, da kanwa, da yajin jego, da kuɓewa busasshiya. Can ƙasa kuma akwai wani abu mai faɗi a naɗe cikin tsohon zani. Tun kafin ta warware na san ko mene ne, don ƙamshin kaba ya riga ya iso hancina.

Saƙar faifai ce sana'ar Inna, ita ma a wajen kakarta ta koya. Na tashi ina ganinta a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, kaba a jiƙe cikin kwano, damin ciyawa a gefe, basilla a hannu, yatsunta kullum da jan rini. Da wannan basillar aka yi mini kayan makaranta har na gama. Amma a makarantar kwana ne wata yarinya mai baƙin baki ta ga Inna ta zo ziyara da faya-fayai a ka, don ta biya kasuwa a hanya, ta laƙaba mini "'yar mai faifai". Sunan ya bi ni shekara uku. Tun daga nan, in aka tambaye ni aikin mahaifiyata sai in ce 'yar kasuwa ce. Haka na faɗa a makarantar koyon jinya, haka na faɗa a gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan. Ba ƙarya ba ce ƙarara, shi ya sa na daɗe ina jin daɗin faɗarta.

Faifan da ta kawo ya fi duk wanda na taɓa gani a hannunta. Ja da baƙi da ruwan ɗorawa a kan farar kaba, zanen ya taso daga cibiya yana buɗewa har baki, ɗinkin a matse yadda ko gari ba zai zuba ba. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa tun ranar da aka ce ina da ciki Inna ta fara shi, kuma da hantsi kaɗai take iya yi yanzu, don idonta ya fara rauni. A lokacin ban san wannan ba. Amma ko na sani, ban rantse da na yi abin kirki ba.

Na juya shi sau ɗaya na ce, "Inna, ai nan tukwanenmu duk da murfinsu suke zuwa."

Ta ce, "To."

Na ɗora shi a kan firji. Ya yi kwana goma sha a can. Ranar da abokan aikina za su zo barka, ina gyaran falo, idona ya faɗa kansa. Na sauko da shi na tura cikin ɗan ɗakin ajiyar da ke bakin ƙofa, inda muke zuba takalma da lema da tsintsiya. Na ce wa kaina in baƙi sun tafi zan fito da shi. Baƙi suka tafi, dusar ƙanƙara ta ci gaba da zuba, muna shigowa muna jefa jiƙaƙƙun takalma a wurin, ni kuwa na manta. Inna ba ta tambaya ba. In ta tuƙa tuwo sai ta rufe kwano da faranti.

Shugabar sashenmu a wurin aiki wata Baturiya ce mai son kayan ado. Na taɓa zuwa gidanta walima, na ga bangon falonta an jera masa kwanduna na ciyawa, manya da ƙanana. Kowa na yabawa, ita kuma tana ta maimaita kalmar "handmade", wato aikin hannu, kamar mai ambaton sunan waliyyi. Ta ce a wani tsohon kanti ta saya, cikin ƙauyen tarihin nan da ke tsakiyar tsibirinmu, inda aka adana gidaje tun na zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. Tun ranar na ƙudura sai na mallaki irinsu a bangona. Kada ku tambaye ni yadda mace mai hankali za ta binne faifan uwarta a ƙarƙashin takalma, sannan ta kwana tana mafarkin kwandon ciyawa. Ni ma na tambayi kaina, kuma amsar ba ta da daɗi: nasu a gidan Baturiya na gan shi, namu kuwa a kan Inna na saba ganinsa, cikin rana, a hanyar kasuwa.

Saura mako guda Inna ta koma, maigidana ya ce, "Wata biyar matar nan tana cikin apartment, daga kitchen sai bathroom. Ki fita da ita outing mana, ko ferry ne, jirgin ruwan fiton nan, ku hau." Na ce na ma san inda zan kai ta. Ranar Asabar ce a watan Mayu, gari ya yi ɗumi, itatuwa sun yi ganye. Na fito da keken jarirai, Inna ta dube shi ta dube ni, ta saɓa jikarta a baya ta ɗaure da zani da majanyi. Haka muka hau bas, ita da goyo, ni ina fama da keken da ba kowa a ciki.

Ƙauyen ya burge Inna, amma ba ta inda na zata ba. Na yi mata bayani cewa gidajen mutanen da ne, tun Turawan Ingila suna mulkin nan. Ta tsaya cak ta ce, "Su ma an mulke su?" Muka leƙa wani gida, ta ga murhu da tukunyar ƙarfe a rataye, da gadon katako, da rijiya a waje. Ma'aikatan wurin suna sanye da tufafin da, matan da dogayen riguna da fararen huluna, wani yana ƙira, wata tana kaɗi. Inna ta ce, "Ikon Allah. Wannan har biya ake a gani? Su zo garinmu mana, kyauta." Na yi dariya, amma sai da na waiga na ga ko wani na kallonmu.

Kantin yana bakin hanya, ginin katako mai gajeriyar ƙofa. Daga ciki ƙamshin kakin zuma da sabulu ke fitowa. Ina ƙoƙarin cusa keken ta ƙofa, sai na ga Inna ta tuɓe takalmanta ta jera su a dokin ƙofa, ta yi sallama.

"Inna, sa takalminki," na ce da ita ƙasa-ƙasa, haƙorana a haɗe. "Shop ne, ba ɗakin kowa ba ne."

"Wurin a share yake," ta ce, ta shige abinta ba takalmi.

Daɓen katakon yana ƙara in an taka. Kantoci ne har sama, cike da kyandirori, da fitilun gwangwani masu huji-huji, da tulunan yumɓu, da cokulan itace, da tsintsiyoyi masu mariƙi, da dardumar tsumma. Kowane abu da 'yar takarda a ɗaure da zare, an rubuta cewa da hannu aka yi shi. Na hango kwandunan a bangon ƙarshe, na nufe su kai tsaye. Na zaɓi wani mai faɗi, marar zurfi, launin ciyawa zalla ba rini. Da na ga farashin sai da na sake dubawa, don tsadarsa. Amma ni da nake iya tsayawa a kasuwar garinmu in yi ciniki da mai tumatir har ya ce in ɗauka don Allah in tafi, ban nemi ragin ko sisi ba. Na kai wa matar da ke kan kanta, na miƙa katin banki, ta naɗe mini shi a takarda mai ruwan ƙasa, har ina godiya.

Da na juyo ban ga Inna ba. Sai da na leƙa bayan wata ganga na same ta durƙushe a lungu kusa da taga. Wata tsohuwar Baturiya ce zaune a wurin a kan gajeriyar kujera, da farar hula da tabarau, ga ciyawa a jiƙe cikin bokitin katako, ga wani tsinken ƙarfe mai mariƙi a hannunta. Kwando take ɗinkawa. Tana naɗa ciyawar tana zagayawa, tana huda tana zura siririn ɓawon itace tana ja. Ko makaho ya san aikin nan. Saƙar faifai ce, kaba ce kawai babu.

"Sannu da aiki," in ji Inna.

Matar ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Inna ta ɗauki wani gamammen kwando a gefenta. Ba ta kalli cikinsa ba, kifa shi ta yi, ta danna cibiyar da babban yatsa, sannan ta bi layin ɗinkin da farce har baki. Haka take yi wa faifan kowace mace a garinmu. Na ga idon tsohuwar ya bar aikinta ya koma kan yatsan Inna. Ta ɗago ta tambaye ni da Turanci ko mahaifiyata ce, na ce e. Ta ce, "Tana saƙa ne?"

Akwai mutane uku ko huɗu a kantin, sun fara juyowa suna kallon matar da ke durƙushe ba takalmi da jariri a baya. Na ce, "A'a. Kallo kawai take yi."

Inna ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Sannu da zuwa take miki."

Ƙarya biyu cikin numfashi ɗaya, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, kuma kowace na yi ta ne da ƙarfin gwiwar cewa ɗayar matar ba ta ji ba. Na kama hannun keken na ce mu tafi kada bas ya wuce. Inna ba ta ko motsa ba. Ta gyara goyonta, ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta nuna wani wuri a kwandon da ke hannun matar inda ɗinki ya ɗan saki. Sannan ta buɗe tafin hannunta. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hannun, ta ɗora mata tsinken da kwandon gaba ɗaya.

Inna ta lashi yatsa, ta murza ciyawar, ta huda. Sau biyu ɓawon itacen ya ƙi ta, don ya fi kaba tauri, ta yi tsaki ta tsoma shi cikin bokitin. Daga na uku hannunta ya kama hanya. Huda, zura, ja. Huda, zura, ja. Ba ta ma kallon aikin sosai, idon da ya yi rauni ba shi take buƙata ba. Jaririyar na barci a bayanta, kanta na rausaya da kowane ja. Haka aka ce ta goye ni tana yi. Har matar kan kanta sai da ta zagayo ta tsaya. Kafin a jima Inna ta kai zagaye guda, kuma ko daga inda nake tsaye ana ganin inda hannun tsohuwar ya tsaya da inda na Inna ya fara.

Tsohuwar ta karɓa ta kai kusa da tabarau, ta shafa. Sannan ta ɗago ta kalle ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce da ta fi mini sauƙi. Kallo ne na wadda ta tuna abin da na gaya mata ɗazu, ta kuma yanke shawarar ba za ta tayar da maganar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Daga nan suka mai da ni tafinta, kuma ban sake samun bakin yin ƙarya ba. Wa ya koya mata? Kakarta. Da me take yi? Na rasa sunan kaba da Turanci, na ce ganyen wata bishiya ce dangin dabino. Tsohuwar ta ce ita da girmanta ta koya, bayan ta bar aikin koyarwa, kuma malaminta ya rasu, yanzu ba ta da wanda za ta tambaya in abu ya ɗaure mata. Inna ta ce a gaya mata ta rage ciyawar in ta zo inda kwandon ke lanƙwasawa, yawanta ke sa ɗinkin saki. Matar ta dafe ƙirji tana dariya. Sun fi rabin sa'a a haka, ni ina tsaye a kansu da ƙunshin takarda a hammata.

Can sai tsohuwar ta juyo ta ce mini, "Ke kam kin yi sa'a. Gidanki dole a cike yake da aikinta."

Inna ta ce, "Ke, me ta ce?"

Na faɗa mata daidai yadda aka faɗa. Inna ba ta dube ni ba. Tana karkaɗe ɓurɓushin ciyawa daga zaninta ta ce, "Ki ce mata kina da guda ɗaya. Ki ce kin adana shi ne a ɗakin ajiya don kada ya yi ƙura."

Ashe ta sani. Ita ke share gidan kullum, a wurin take ɗaukar tsintsiya. Wata huɗu tana buɗe ƙofar nan tana ganin faifanta a ƙarƙashin takalmanmu, ba ta ɗauke ba, ba ta ce komai ba. Yanzu kuma a gaban baƙuwa ta rufa mini asiri, ta ba ni ƙaryar da zan fake da ita. Dole na buɗe baki na juya maganar zuwa Turanci, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta ce lallai na kyauta, irin wannan abu adana shi ake yi.

A bakin ƙofa Inna ta zura takalmanta. Ta nuna ƙunshin da ke hammatata ta ce, "Mu gani." Na warware. Ta kifa shi, ta danna cibiyar, ta bi layin da farce.

"Ta yi ƙoƙari," ta ce. "Da tsada?"

"Ba sosai ba."

"Allah ya sa albarka."

A cikin bas ta sauke goyon ta miƙo mini, ita kuma ta rungume kwandon a cinya har gida, tana kare shi in wani zai wuce.

Muna shiga, ko mayafi ban cire ba na durƙusa a ɗakin ajiyar na fara fitar da takalma. Faifan yana can ƙasa. Gefe ɗaya ya lanƙwashe inda takalmin sanyin maigidana ya danne shi. Ruwan ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi sun jiƙa shi sun bushe sau ba adadi, jan ya zuba cikin farin, baƙin ya yi fari-fari, bakin ya fara warwarewa wuri biyu. Na fito da shi na tsaya a tsakiyar falo ina kuka kamar yarinya. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Me aka yi?" ta ce. Ta karɓa ta duba wuraren da suka warware. "Ba abin da ya same shi. Baki ne kawai, sai an sake. Ba kaba a nan, bari in tafi da shi in gyara."

Na ce ta bar mini shi a haka, ina son sa a haka. Ta ce ba za ta bar aikinta a garin mutane da baki a warware ba. Ta nemo tsohon zanin nan da ta kawo shi ciki, ta naɗe, ta sa a ƙasan jakarta. Bayan kwana bakwai muka raka ta filin jirgi.

Shekara uku ke nan. Duk sanda muka yi waya sai na sako zancen, ita kuma amsarta ɗaya ce: ba ta gama ba tukuna. Mutum biyu daga garinmu sun zo New York a tsakanin nan, an aiko mini da kuka da daddawa da man shanu, ba faifai. Da sallar da ta wuce ƙanwata ta turo mini hotunan gida. A ɗaya daga ciki Inna na zaune a gindin darbejiya, gabanta kwanon tuwo a rufe. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Ja da baƙi da ruwan ɗorawa, ga inda jan ya zuba cikin fari, ga sabon baki da aka yi masa da kaba mai haske. Na kira ƙanwata na tambaye ta. Ta ce ai makon da Inna ta dawo ta gyara shi, da shi ake rufe mata abinci kullum.

Kwandon da na saya yana rataye a bangon falona, don Inna da kanta ta nuna inda za a kafa ƙusar kafin ta tafi. Yanzu duk wanda ya tambaye ni aikin mahaifiyata ina gaya masa gaskiya, har da ƙari. Shi ya sa baƙi in sun shigo sukan tsaya a gabansa su yaba, sannan su juyo su ce, "Wannan ne aikin Innar taki?" Ni kuma in ce a'a, saye na yi.